Shawarar jarirai ba daga tukunyar mai jego take ba

Da zarar idon jariri ya yi ɗorawa, tambayar da kakanni ke fara yi mana a ɗakin jarirai ita ce me uwar ta ci. Sai a hana mai jego manja da ƙwai, wani lokaci ma a ce nononta ne ba shi da kyau. Alhali jariri yakan zo duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, masu gajeren rai, kuma idan suka farfashe sai su saki sinadari mai launin ɗorawa da ake kira bilirubin. Hanta ce ke tace shi, ta ɗan kwana biyu kuwa ba ta yi ƙwari ba. Shi ya sa kimanin 6 cikin 10 na jariran da suka cika wata tara, da 8 cikin 10 na bakwaini, ke yin shawara a makon farko, ko me iyayensu mata suka ci.

Wani zai ce ai masu shan nono sun fi yin ta. Haka ne, amma galibi ƙarancin shan ne ya jawo. Ta kashi sinadarin ke fita, kuma dakashin da ake matsewa a zubar shi ne ke tura baƙin kashin farko waje. Idan aka cika cikin jariri da ruwan dabino ko jiƙo, tsotsonsa zai ragu, kashi ya yi jinkiri, shawara ta ƙaru. Abin yi shi ne a sa shi a nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, uwa kuma ta ci ta ƙoshi. Akwai wata shawarar da kan daɗe makonni a jikin mai shan nono yana ƙiba lafiya lau. Ita ma ba ta sa a yaye, sai dai likita ne zai tabbatar ita ce.

Inda abinci ya shigo da gaske wuri ɗaya ne: jaririn da ya gaji ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a yankinmu, musamman ga maza. Uwarsa ta guji waken ful da ake ci a Sudan da Masar, ba waken alalarmu ba. Kafur ɗin da ake zubawa a akwatin kayan jariri da lallen da ake shafa masa sun fi barazana, domin suna iya farfasa jininsa, amma ba a cika zarginsu ba.

A duba farin ido da dasashi a hasken rana. Idan shawara ta fito a sa'o'i 24 na farko, ko ta sauko tafin hannu da ƙafa, ko jariri ya ƙi nono, ya cika barci, yana kuka mai tsini, ko kashinsa ya yi fari, ko ta wuce kwana 14, a tafi asibiti ba tare da jiran suna ba. Shanya shi a hantsi ba zai maye gurbin shuɗiyar fitilar asibiti ba, kuma bilirubin idan ya hau ƙwaƙwalwa yana barin kurumta ko naƙasar da ba ta warkewa.