Sanin Hanyar Saƙo: Kira Ga Matasan Tsauni

Jama'a, yau da wuya a shiga gida a Tsauni ko ƙauyukan ƙasar Matamai a rasa salula. Manomin rake yana jin farashin kasuwa kafin ya ɗaura kaya, uwa tana sauraren muryar ɗanta da ke ci-rani a Kano ko Aljeriya ta WhatsApp, ɗan makaranta yana neman sakamakon jarrabawa. Amma da zarar saƙo ya ƙi tafiya, magana ɗaya ake ji a bakin kowa: "rezo ya ɗauke." Daga nan sai a zauna jira, ko a biya wani ya taɓa wayar. Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, sanin yadda na'urori ke haɗuwa da yadda ake ba su adireshi ilimi ne da ɗan ƙauye zai iya samu, kuma rashinsa yana jawo asarar kuɗi da faɗawa hannun macuta.

Mu fara da tushe. Duk inda na'ura biyu ko fiye suka haɗu suna musayar bayani, ta igiya ko ta iska, an sami rezo. Intanet kuwa haɗakar dubban irin waɗannan ne a faɗin duniya. In ka aika hoto, ba ya tafiya a dunƙule. Wayarka tana yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambar jerinsa. Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya raba kayansa buhu-buhu a tashar Matamai, ya rubuta suna a jikin kowane buhu, wannan ya shiga wata mota, wancan ya shiga wata, a can Damagaram a ƙirga a jera, wanda ya ɓace a sake aiko shi. An gwada wannan dabara a Amurka a 1969. A 1974 masana biyu, Vint Cerf da Bob Kahn, suka tsara ƙa'idar da ake kira TCP/IP, aka koma aiki da ita ranar 1 ga Janairun 1983. Da ita wayar da ke aljihunka take aiki har yanzu.

Adireshin da ake rubutawa a jikin kowane yanki shi ake kira adireshin IP. Tsohon samfurinsa lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace lamba daga 0 zuwa 255. Juya akwatin Wifi na ofishin magajin gari ko na makaranta, sau da yawa za ka ga ƴar takarda manne a ƙasansa an rubuta 192.168.1.1 ko makamancinta. Wannan tsari yana ba da adireshi kimanin biliyan 4.3, kuma ya kasa isar mutanen duniya: a Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar adireshi ta duniya ta raba rukuninta na ƙarshe ga hukumomin nahiyoyi biyar. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus, daga wurinta kamfanonin sadarwa ke karɓar rabonsu. Saboda ƙarancin ne aka ware lambobin cikin gida, irin masu farawa da 192.168, waɗanda kowa zai iya maimaitawa a gidansa, akwatin kuma ya fita waje da adireshi guda a madadin kowa. Saboda ƙarancin ne kuma aka ƙirƙiro sabon samfuri mai suna IPv6, wanda yawan adireshinsa ya fi ƙarfin ƙirgar yau da kullum.

Mutum ba ya iya haddace lambobi masu yawa, don haka a 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, wato rajistar da ke mai da suna zuwa lamba. Nan ne ilimin ya fi tsare dukiya. Sunan shafi daga dama ake karanta shi, a fara daga inda sunan ya ƙare, wato kafin karan tsaye mai jirge (/) na farko da ke bayan sunan. Ƙarshen .ne na Nijar ne, .ng na Najeriya ne, kuma ma'aikatun gwamnatin Nijar da yawa sunayen shafukansu suna ƙarewa da gouv.ne. Macuci ya san mutane daga hagu suke duba, sai ya sa sunan hukuma ko na kamfanin waya a farko, ya ɓoye nasa a ƙarshe, ya turo saƙo cewa ana rabon tallafi ko mega kyauta, a shigar da lambar sirri. Wanda ya iya karanta suna zai gane tarkon kafin ya taɓa, ya kuma gargaɗi iyayensa da maƙwabta.

Sai batun hanya. Saƙonka yana tashi daga waya zuwa ƙarfen eriya mafi kusa, daga nan zuwa cibiyar kamfanin, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms. Nijar ba ta da bakin teku, saboda haka yawancin abin da ke fita waje yana bin igiyar gilashi ta ƙasashe maƙwabta kafin ya kai manyan igiyoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a birane irin su Kwatano da Legas. Ke nan "rezo ya ɗauke" na iya nufin abu da yawa: mega ya ƙare, akwatin gida bai ba wayar adireshi ba, eriya ta rasa wuta, rajistar suna ba ta amsa ba, ko igiya ta tsinke a nesa. Wanda ya san jerin nan yana bincikawa daga na kusa zuwa na nesa, ba ya sayen katin da ba shi ne maganin ba.

Wani zai ce, ai wayar tana aiki ko ban san wannan ba, noma da ruwan sha sun fi gaggawa. Gaskiya ne sun fi gaggawa, kuma ba a ce kowa ya bar gona ba. Amma ofishin magajin gari da asibiti da makarantu suna ƙara dogara da kwamfuta. In na'ura ta ƙi haɗuwa da na'urar buga takarda don adireshinsu ya saɓa, ko dai a ɗauko mai gyara daga birni a biya masa mota da lada, ko a sami ɗan gari ya daidaita cikin ɗan lokaci. Matasa kaɗan masu sani sun ishi gunduma.

Wani kuma zai ce ba mu da kwamfuta, ba mu da wuta, darussan ma da Faransanci ko Turanci suke. Amsa ita ce, waya biyu sun isa darasin farko. Ɗaya ta buɗe rabon Wifi, ɗayar ta shiga, a buɗe saitunan Wifi na wadda ta shiga a duba lambobin da ta samu da na wadda ta buɗe rabon, a lura cewa ukun farko iri ɗaya ne, ta ƙarshe ce ta bambanta. Farantin hasken rana da ke cajin wayoyi a kasuwa ya ishi wannan aiki. Kalmomin baƙi da ake bukata a matakin farko ba su da yawa, sauran lissafi ne da natsuwa, kuma almajirin da ya haddace allo ba zai gaza a nan ba.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta su ware ɗan lokaci su nuna wa ɗalibai, mata da maza, waɗannan abubuwa a aikace. Ɗaliban da ke karatu a jami'ar Damagaram su koyar da ƙannensu in sun zo hutu. Masu shagon caji da gyaran waya su koyi karanta sunan shafi, domin wurinsu mutane ke fara kai tambaya. Iyaye kuma su kafa doka a gida: kada kowa ya shigar da lambar sirri a wani shafi sai an karanta sunansa daga dama.