Ciwon Antifosfolifid: Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Jini

Ciwon antifosfolifid yana samuwa ne idan garkuwar jiki ta ƙera sinadaran kariya da ke far wa wasu sunadaran jinin mai ita, har jini ya riƙa daskarewa a cikin jijiya. Yakan bayyana da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko gudan jini a huhu, ko shanyewar ɓarin jiki ga matashi. A wajen mata kuwa, ɓari ne a kai a kai ko mutuwar ɗa a ciki. Likitan Birtaniya Graham Hughes ya yi bayaninsa a 1983.

Sinadarai uku ake nema a ɗakin gwaji: lupus antikowagulan, antikadiyolifin da anti-beta-2. Ganinsu kaɗai ba ya tabbatar da ciwon; sharaɗi na farko shi ne a duba yawansu. A ƙa'idar Sydney ta 2006, ana lissafa antikadiyolifin idan ya haura ma'auni 40, ko ya wuce abin da ake samu a jinin kashi 99 cikin 100 na masu lafiya. Ƙa'idar 2023 ta ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai ta kasa shi biyu: 40 zuwa 79 matsakaici, 80 zuwa sama mai yawa. Ta kuma ba sinadarin kariya nau'in IgG nauyi fiye da nau'in IgM.

Sharaɗi na biyu shi ne dawwama. Cututtuka irin su tunjere, ƙanjamau da zazzaɓin cizon sauro kan sa sinadaran su bayyana a jini, sau da yawa na ɗan lokaci. Shi ya sa ake maimaita gwajin bayan mako 12 aƙalla. Magungunan tsinka jini ma suna rikita gwajin lupus antikowagulan, don haka dole mai gwajin ya san abin da majiyyaci ke sha.

Na uku, sai an samu alama a jiki: daskarewar jini da hoto ya tabbatar, ko ɓari uku a jere kafin mako 10, ko mutuwar ɗa bayan nan, ko haihuwa kafin mako 34 saboda matsanancin hawan jinin masu juna biyu.

Wanda gwaji ya nuna yana da sinadaran uku duka shi ya fi shiga haɗari. Idan jininsa ya taɓa daskarewa, maganin tsinka jini na warfarin ake ba shi na dogon lokaci maimakon rivaroxaban. Mai juna biyu kuwa, asfirin kaɗan ake haɗa mata da allurar hefarin, domin warfarin na iya cutar da ɗan da ke ciki.