Darasi: Duba Zanen Taya Kafin Ka Biya Kuɗi

'Yan'uwa fatake da dillalai. A cikinmu babu wanda zai sayi sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba. Amma in an zo sayen tayar babur, sai mu miƙa kuɗi kawai mu ce wa yaro ya ɗaura. Alhali babur ɗin nan shi ke kai mu rugage, shi ke kai mu kasuwar Dakoro ko Abalak, shi ke tsallakar da mu zuwa Jibiya ko Illela da kuɗin mutane a ƙugu.

Zanen da ke jikin taya shi ne haƙoranta. Aikinsa biyu ne: ya kore ruwa daga ƙarƙashin taya, ya kuma kama ƙasa. Sabuwar tayar kwalta zurfin zanenta yawanci tsakanin milimita 4 ne da 7, ta baya ta fi ta gaba. Tayar daji mai manyan ƙusoshin roba tana kai milimita 10 ko fiye. Mai yawan bin rairayi da jar ƙasa, ita ta fi dacewa da shi, sai dai a kwalta tana saurin cinyewa.

Yaya ake aunawa? Ka sa tsinken ashana cikin tsagar tsakiya, ka sa farce daidai inda ya tsaya, ka ɗora a kan rular ɗan makaranta. Ka auna wuri uku, don taya ba ta cinyewa daidai. A gefen taya akwai 'yar alama kamar kan kibiya, ko haruffa TWI. Ka bi ta zuwa cikin tsaga, za ka ga ɗan tudun roba. Ranar da zane ya yi daidai da tudun nan, taya ta gama aiki. A Faransa da Ingila doka ta hana hawa babban babur da zanen da bai kai milimita 1 ba. Mu da ke bin daji kada mu jira haka. In ya sauko milimita 2, kusan kaurin ashana, a canja, don ƙayar aduwa ba ta jin nauyin siririyar roba.

Sai shekaru. Tun daga 2000, lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT suna faɗin mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta daɗe a shago cikin zafi tana bushewa ta tsattsage ko da zanenta cikakke ne.

Sai nauyi. In ka ga 3.00-18 52P, 52 ɗin nan kilo 200 ne iyakarta; 47 kuwa kilo 175. Mutum biyu da rago da buhun dusa, ku yi lissafi da kanku.

A yi hattara da tayar gwanjo da aka sake yi wa zane da wuƙa. Mun taɓa faɗawa tarkon nan don araha. Cikin damina ta fashe mana a daji, muka tura babur har azahar, muka isa kara an watse, shanun da muka yi alkawari wani ya saye. Araha ba ta ado.

Na ƙarshe, sabuwar taya tana da santsi. Kilomita 100 na farko a tafi sannu, ban da kwana da gudu. A duba kibiyar gefe kada mai faci ya ɗaura ta a juye, a kuma gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a yi ciniki lafiya.