Maɓalli Mai Fuska Biyu a Manhajar Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe Microsoft Word ya ga ƙananan maɓallai jere a saman allo, kowanne da alamarsa. Wannan shi ne jerin kayan aiki, kuma maɓallan da ke cikinsa iri biyu ne. Wasu, kamar na adana takarda, da zarar an latsa su sun gama aikinsu. Wasu kuwa suna riƙe hali tamkar makunnin fitila: a latsa su kunnu, a sake latsawa su mutu. Maɓallin B mai kaurara rubutu yana cikin wannan rukuni, haka ma na toshe sauti.

To, yaya mai tsara manhaja zai sa alamar ta sauya tare da halin maɓallin? Mu ɗauki misalin Qt, kayan gina manhaja da Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng suka fara a ƙasar Norway, aka fitar da shi ga jama'a a 1995. Da shi aka gina fuskar VLC da ake kallon fim a kwamfuta.

Dabarar da ke fara zuwa wa mai koyo ita ce ya umarci manhajar ta musanya hoton duk lokacin da aka latsa maɓallin. Tana aiki, amma akwai rami a gabanta. Ba ta hanyar latsawa kaɗai hali ke sauyawa ba. A Word, alal misali, haɗa Ctrl da B ma yana kaurara rubutu. In haka ta faru, hali ya juya, hoto yana nan yadda yake, sai alamar ta koma yi wa mai aiki ƙarya.

Hanya mafi inganci ita ce a ɗaure hoton da halin kansa. A Qt ana fara shaida wa maɓallin cewa mai riƙe hali ne, da umarnin setCheckable. Sannan a zuba hotuna biyu cikin alama guda, wato QIcon: ɗaya na kunne, ɗaya na kashe. Daga nan Qt ne da kansa zai riƙa duba halin yana zana hoton da ya dace. Masu aiki da harshen Java suna da makamancin wannan a JToggleButton, inda setSelectedIcon ke karɓar hoto na biyu.

Saura tambaya mai wuya, wadda malamai za su iya jefa wa ɗalibai a aji. Shin alamar halin da ake ciki za ta nuna, ko aikin da zai auku in an latsa? Lokacin da fim ke tafiya a VLC, sanduna biyu na dakatarwa ake gani, wato aikin da ke tafe. Amma lasifika mai alamar toshewa tana nufin an riga an toshe sautin. A ganinmu, a jeri guda gara mai tsarawa ya tsaya kan ƙa'ida ɗaya, ya kuma sa ɗan rubutun bayani da zai fito idan aka ɗora kibiyar linzami a kan maɓallin.