Hantsar Wando Ita Ce Aikin

'Yata, na ji an ce kin sayo yadi a Kantin Kwari, kina so ki ɗinka wa kanki wandon nan mai kama da siket, wanda 'yan mata ke kira kulot. Na ji daɗi ƙwarai. Sai dai kafin almakashi ya taɓa yadin, ki ɗan saurare ni, don na shekara talatin a kan keken ɗinki, kuma ɓarnar da na fi gani duk a wajen yanka ake yin ta.

Sunan daga Faransa ya zo. Can da, guntun wando ne mai tsayawa a gwiwa na manyan masu hali, har ma lokacin juyin juya halin 1789 ana yi wa talakawa laƙabi da marasa kulot, domin su dogon wando suke sawa. Daga baya matan Turai suka raba siket gida biyu don su iya hawa doki da keke ba tare da jikinsu ya bayyana ba. A 1931 wata 'yar wasan tanis ta ƙasar Sifen, Lili Alvarez, ta sa irinsa a gasar Wimbledon, ɗinkin Elsa Schiaparelli, aka yi ta surutu a jaridun Ingila. Mu kuwa faffaɗan wando ba baƙonmu ba ne. Wanda ya taɓa ganin bujen mahayan doki ranar hawan sallah ya san kakanninmu sun daɗe da sanin daɗin yalwa a tufafi. Dalilin da ya sa nake son kulot ga 'ya mace ke nan: a tsaye siket ne, amma za ki hau Keke Napep ko ki tsallake kwata hankalinki kwance.

Ki fara jiƙa yadin, ki shanya, ki goge. Auduga tana shiga ruwa ta tsuke, gara ta tsuke tun tana falle. Idan atamfa ce, yadi 2 da rabi zai ishe ki wanda zai sauko tsakiyar ƙwauri, har da aljihu. Ki dubi zanenta da kyau, domin wata tana da sama da ƙasa. Kada tsuntsun ƙafar dama ya dubi sama, na hagu ya dubi ƙasa.

Awo kuma, ƙugu da kwankwaso da tsayi kowa ya san su. Wanda ake mantawa shi ne zurfin hantsa, alhali shi ne ran wandon. Ki ɗaura zare a ƙugunki, ki zauna a kan benci mai tauri, bayanki a miƙe, wata ta auna miki daga zaren zuwa saman bencin ta gefe. Abin da tef ya nuna, ki ƙara masa inci 1 da rabi ko 2. Hantsar kulot sai ta sauka ƙasa da ta wando na yau da kullum, in ba haka ba za ta ɗame ki, siffar siket ɗin ta ɓace, ki kasa zama a cikin mutane.

A ce kwankwasonki inci 40 ne. Ki raba huɗu, kin sami 10, ki ƙara 2 na yalwa. Daga nan sai ki fitar da harshen hantsa: na gaba kamar inci 4, na baya kamar 6. Na baya kullum ya fi, saboda nan ne jiki ya fi cika, kuma ƙugun baya ma ki ɗaga shi inci 1 don kada ya zame in kin sunkuya. Duk wannan a takarda za ki zana, ko ta buhun siminti ce ki karkaɗe ki goge ta. Takarda ba ta da tsada. Lanƙwasar hantsar kuma ki zana ta da alli a hankali, ta tafi sumul kamar bakin ƙwarya, kada ta yi kusurwa.

Ki ninka yadin fuska da fuska kafin ki yanka. Ina sabuwar koyo na taɓa yanka shi falle ɗaya-ɗaya, na fito da ƙafar hagu har biyu, yadin kuma na wata baiwar Allah ne da ta tara kuɗinsa don bikin ƙanwarta. Na biya ta, amma har yau ina tuna yadda ta tsaya shiru a bakin ƙofa tana juya ƙyallen a hannunta. Tun daga ranar ba na yanka sai na rubuta gaba da baya da alli a bayan kowane ƙyalle.

Ɗinkin kansa ba wuya. Aljihu tukuna, sai gefe da cikin kowace ƙafa daban. Ki juya ɗaya fuskarta ta fito, ki zura ta cikin ɗayar, ki bi hantsa da ɗinki guda daga gaba har baya, ki maimaita sau biyu don nan ne yake fara farkewa. Kowane layi kika gama, ki bi shi da dutsen guga kafin ki wuce. Idan roba za ki sa, ki tabbata ƙubakar tana wuce kwankwasonki ba da kokawa ba. Kalmasar ƙafa ita ce ƙarshe: ki rataye wandon ya kwana, gobe ki sa shi da takalmin da za ki riƙa fita da shi, sannan a daidaita miki tsayin.

Akwai tsohon zanin gado a ɗakina, na ajiye miki shi don gwaji. Ki zo ranar Asabar bayan la'asar da takardarki da tef, mu fara yanka a kansa. Sabon yadin ki bar shi a ninke tukuna.