Hoton Zafin Jiki Zai Gano Gudan Jini a Ƙafa?

Tambaya: Likita, sha-raɓata ta hagu ta kumbura bayan doguwar tafiya. An ce in yi hoton zafin jiki. Ya wadatar?

Amsa: Malama, bai wadatar ba. Zafin fata kawai na'urar take gani, kuma ko ƙurji zai ɗumama ƙafa. Gudan jinin kuwa yana can cikin jijiya, ƙarƙashin tsoka. Sikanin za ki yi, irin na masu juna biyu: a danna jijiyar, in ta ƙi lotsawa, akwai gudan jini. Wani lokaci a haɗa da gwajin jini na D-dimer.

Kada a yi miki tausa, gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. Ki je asibiti yau, musamman in numfashi ya fara sarƙewa.