Albashin malaman lakwal da kuɗin talakawa

A kasuwannin ƙauye da majalisun dattawa ana yawan jin wannan magana: malamin lakwal yana zaune a inuwa, wata ya ƙare ya karɓi albashi, manomi kuwa sai ya jira kaka, kuma daga cikin guminsa ake biyan malamin. Wasu suna faɗinta da wasa, wasu da zafin rai. Malamai su ma suna da tasu: sun ce kuɗin ba ya kai su ƙarshen wata, kuma sau da yawa ba ya zuwa kan lokaci. Darasin yau zai duba daga ina kuɗin yake fitowa, nawa ne, kuma ko talaka yana samun abin da ya biya.

Wa yake biyan malami?

Mutane da yawa suna tsammani lanhon da mai gari yake tarawa shi ne albashin mushe. Ba haka ba ne. Lanhon kai na zamanin da, wanda ake kai wa gwamnati, an soke shi a zamanin Seyni Kountché, lokacin da kuɗin uraniyom ya shigo. Abin da ya rage shi ne harajin gunduma, wanda ya koma harajin kwamin bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004. A kwaminonin karkara an daɗe ana biyan tamma 700, wato dala 140, a kan kowane mutum da ya isa biya. Wannan kuɗi na kwamin ne, don gyaran kasuwa da rijiya da aji da biyan ma'aikatanta. Daga cikinsa kuma ake fitar da kason mai gari da na sarkin kanto.

Albashin malami daga baitulmalin ƙasa yake fitowa, daga Yamai. Dokar ilimi ta 1998 ta raba nauyin lakwal gida uku. Gwamnati ta ɗauki horon malamai da albashinsu da manyan gine-gine. Ƙananan hukumomi suna taimakawa da gini da kayan aiki. Iyaye kuma suna da nasu kaso na kayan karatu da kula da makaranta.

Ga lissafi, mai karatu ya ɗauki allonsa. A shekarar 2017 malamin kwantaragi na firamare yana karɓar jika 75 a wata. Idan aka raba 75,000 da 700, za a samu 107 da ƴan kai. Ke nan sai an haɗa harajin mutum 107 na shekara guda kafin a biya malami ɗaya wata ɗaya. Wata 12 ya kama tamma 900,000, harajin mutum kusan 1,286. Lakwal mai aji shida da malamai shida za ta cinye harajin mutum fiye da 7,700. Wace kwamin ta karkara za ta iya? Kuma kwamin ɗaya tana da lakwal goma-goma.

Amma kada wani ya ce to ashe ba kuɗin talaka ba ne. Kuɗinsa ne. Baitulmali ba ya noma. Abin da ke cikinsa ya fito daga kuɗin duwan da ake biya a kan kayan da suka shigo ƙasa, da harajin ƴan kasuwa da kamfanoni, da na ma'adinai da man fetur, da bashi da taimakon waje. Akwai kuma harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, wanda ake kira TVA, kashi 19 cikin ɗari a kan yawancin kayan kanti. Wanda ya sayi kaya na tamma 1,190 a irin wannan kanti, tamma 190 na gwamnati ne. Ba a ba shi takardar lanho ba, amma ya biya. Mai sayen atamfa ya biya, mai sayen siminti da kwanon rufi ya biya. Bashin da ƙasa ta ci kuwa, shi da ƴaƴansa za su biya. Don haka manomi yana da bakin magana a kan albashin malami, kuma babu wanda zai ce masa ba ruwansa. Malamin gwamnati shi ma mai biyan haraji ne, nasa ma tun kafin albashin ya iso hannunsa ake cirewa.

Yadda aka zo nan

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Malamai kaɗan ne, kuma manyan mutane ne. Diori Hamani malamin lakwal ne kafin ya zama shugaban ƙasa, haka Boubou Hama, haka Djibo Bakary. A ƙauye, mushe shi ke karanta wa mutane wasiƙa, shi ke da rediyo, shi ke da keke. Hoton da dattawa suke riƙe da shi ke nan har yau, shi ya sa da an ce malami sai su ga mai kuɗi.

Zamani ya juya. Kuɗin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya. A shekarun 1990 ma'aikata sun yi ta bin gwamnati albashin watanni, yajin aiki ya yi yawa, har aka yi shekarun da karatu ya lalace gaba ɗaya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Albashi yana nan kusan yadda yake, kayan waje kuwa suka yi tashin gwauron zabo.

A gefe guda yara suna ƙaruwa. Mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne a 1960. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17 da ɗoriya, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara sai an buɗe sabbin azuzuwa, kowane aji kuma yana son malami. Gwamnati ta ga ba za ta iya ɗaukar dukkansu a matsayin cikakkun ma'aikata ba. Daga 1998 sai ta fara ɗaukar matasa da sunan ƴan sa-kai na ilimi, ana ba su jika 35 a wata, abin da bai kai rabin albashin malamin gwamnati ba. Su ne daga baya aka kira ƴan kwantaragi. Da haka aka buɗe dubban lakwal a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba. Kafin 2017, wajen malamai takwas cikin goma na firamare ƴan kwantaragi ne.

Don haka idan aka ce albashin malami, sai a tambaya wane malami. Akwai cikakken ma'aikaci mai lambar aiki, wanda albashinsa ke ƙaruwa da shekaru, kuma yana da fansho idan ya tsufa. Akwai ɗan kwantaragi, wanda abin da ake ba shi a hukumance ma ba a kiransa albashi, alawus ne. Aji ɗaya, alli ɗaya, yara iri ɗaya, amma aljihu ba ɗaya ba.

Jika 75 ta yi yawa?

Ga manomin da bai taɓa riƙe jika 75 a dunƙule ba sai ran da ya sayar da sa, kuɗi ne mai yawa. Gaskiyarsa. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a biya ma'aikaci a wancan lokaci jika 30 ne da ƴan kai, ke nan ɗan kwantaragi ya ninka shi fiye da biyu.

Sai dai manomi yana da rumbu. Yana da gidan gado, da akuya, da ƴan'uwa kusa. Malamin da aka ɗauko daga Tawa aka kai shi wani ƙauye na Damagaram ba shi da ko ɗaya. Hatsi saye, itace saye, wani wuri har ruwa saye. Sau da yawa tukunya biyu yake ɗorawa, ɗaya a ƙauyen aikinsa, ɗaya a garin da ya baro iyali. Ga kuɗin mota. Idan alawus ya yi jinkiri sai ya ci bashi wajen mai tebur, kuma malamin da mai tebur ke bi bashi ba ya iya ɗaga kai a gari.

A sake ɗaukar allo. Aji mai yara 50, malami mai jika 75: kowane yaro ya tashi a kan tamma 1,500 a wata, dala 300. Idan aka yi karatu kwana 20 a watan, tamma 75 ke nan a yini, dala 15. Wane ɗan ƙwadago zai yi wa mutum yini a gona a kan dala 15? Idan dai yaron yana koyon karatu da rubutu da lissafi, babu ciniki mai araha kamar wannan a kasuwar ƙauye. Ta wannan fuska ba a cuci mai biyan haraji ba. In ma akwai wanda aka matse, ɗan kwantaragin ne.

Inda talaka yake asara

Duk wannan lissafi ya tsaya a kan kalma ɗaya: idan. Idan malamin yana cikin aji, idan kuma ya san abin da yake koyarwa.

Shekarar karatu wata tara ce, daga Oktoba zuwa Yuni. Amma a ƙauyuka da yawa ba a fara karatu sai an gama girbi an samu kara da zana na yin rumfa, kuma da hadari ya taso sai a watse. Cikin abin da ya rage a cire kwanakin yajin aiki, a cire kwanakin da malami ya tafi birni neman alawus ɗinsa. Kuɗin wata ya fita cif, karatun wata bai cika ba. Wannan asara ce ta mai biyan haraji, ko laifin na malami ne ko na wanda ya riƙe masa kuɗi.

Ga kuma maganar sani. Makarantun horon malamai suna nan, irin su Askia Mohamed ta Damagaram, da Bawa Jan Gwarzo ta Maradi, da Kaocen ta Tawa, da Mali Bero ta Doso. Amma a shekarun gaggawa an ba mutane da yawa alli ba tare da sun bi ta can ba. A 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa, duk da ƙin amincewar ƙungiyoyin malamai. Wajen ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki ko fiye. An sallami dubbai, aka ce a sake horar da wasu. Abin tambaya shi ne wa ya ɗauke su aiki tun farko, kuma wa ya sa hannu a takardun biyansu shekara da shekaru.

Nan maganar ta iso kan shugabanni. Darektan ƙaramar lakwal ba babban mutum ba ne: yana riƙe da nasa aji kamar kowa, ga rajista, ga rahoto, ga taron iyaye, abin da ake ƙara masa kuma kaɗan ne. Sama da shi akwai mai ba malamai shawara, da sufeto, da ofisoshin gunduma da na jaha, har zuwa minista. Aikinsu na da amfani. Lakwal ba mai dubawa kamar garke ne ba makiyayi. To amma sufeto ana biyansa ne don ya zagaya. Idan shekara ta wuce bai taka ƙauye ba, ko don ba mota ko don ba mai ko don ba niyya, albashinsa bai haifa wa ƙauyen kome ba. Haka idan malamai suka taru a lakwal ɗin birni har wasu ba su da aji, alhali a daji mutum ɗaya yana fama da aji biyu ko uku, rabon da aka yi a ofis ne ya jawo. Mutanen daji sun biya daidai da na birni, sun samu ƙasa da su.

Mafi muni su ne malaman bogi. Hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA, wadda aka kafa a 2011, ta gano sunayen ƴan kwantaragi masu yawa da ake fitar wa kuɗi kowane wata alhali babu su a kowace lakwal. Malamin ƙauye ba shi ke rubuta jerin sunayen masu karɓar kuɗi ba. Irin wannan sata sai da hannun na ofis.

Bayan duk wannan, iyaye suna sake biya. Su ke kawo kara, su ke kafa rumfa, su ke tara gudummawar alli da kaye. Rumfar kuma ba tsada kaɗai gare ta ba: a watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara wajen 20 a azuzuwan zana a Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma wata ta kashe fiye da 20 a Maradi.

Abin da ke hannun mutanen gari

Mutanen ƙauye ba su ke yanka albashi ba, ba kuma za su iya rage shi ko ƙara shi ba. Amma kowace lakwal tana da kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, daga baya aka sake masa suna CGDES, ga ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata. Wanda ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci yana iya riƙe wa kwamiti kaye guda: ranar da aka buɗe lakwal, ranakun da kowane malami ya zo, ranakun da bai zo ba da dalilinsa. Kwamiti yana iya tambayar darekta malamai nawa aka rubuta wa wannan lakwal, a gwada da waɗanda ido ke gani. Idan malami ya ɓace, a kai kayen wurin sufeto. Idan kuma alawus ɗinsa ne aka riƙe wata biyu, kayen nan ne zai nuna cewa yana zuwa aiki, sai kwamiti ya raka shi da shi.